YOYON BAƘIN MAI A TSOHUWAR MOTA: ƘARFIN HANNU BA YA TSAI DA SHI

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota ya san ɗigon baƙin mai da a kan tarar da safe a inda ta kwana. Da yawa su kan ce ai tsufa ne, su riƙa ƙara mai suna tafiya. To, jama'a, wannan ba dabara ba ce. Ku duba Peugeot 504, wadda ta fito a Faransa cikin 1968, wadda kuma ta cika hanyoyinmu bayan da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna cikin 1975. Man da injinta ke ɗauka kimanin lita 4 ne kawai. Ran da ya tsiyaye a tsakanin gari da gari, ƙarfe ya ci ƙarfe, sai inji ya buga. Gyaran injin da ya buga kuwa ya isa ya cinye albashin malami ko akawu, alhali abin da ya jawo ɓarnar bai taka kara ya karya ba.

A ƙarƙashin inji akwai wani kasko na ƙarfe inda mai ke taruwa. Daga nan famfo ke zuƙarsa ta cikin wata 'yar rariya, ya tura shi ko'ina cikin inji, sa'an nan ya gangaro ya komo. Tsakanin bakin kaskon da gindin inji a kan shimfiɗa wani siririn abu mai taushi, shi ne makanikai ke kira gaskit. A tsofaffin motoci galibi da ɓawon wani itace na ƙasashen Fotugal da Sifen a ke yinsa, watau irin abin da a ke toshe bakin kwalba da shi, wani lokaci a gauraya da roba. Yau zafi gobe sanyi, shekara da shekaru, sai ya bushe, ya tsuke, ya tsage. Ta nan mai ke samun hanya.

Amma kada a yi gaggawar ɗora wa gaskit laifi. Mai ƙasa ya ke bi, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Saboda haka in murfin kan inji ne ke yoyo, ko matatar mai, ko robar da ke gaba ko bayan karanshaf, duk a bakin kaskon za a ga jiƙa. Haka kuma in zoben tagulla na notin juye mai ya gaji. Abin yi shi ne a wanke inji sarai, a bari ya bushe, a barbaɗa farar hoda a wuraren da a ke zargi, a tayar da mota ta yi zafi. Wurin da ya fi ko'ina bisa inda hoda ta fara baƙi, nan ciwon ya ke. A duba kuma bututun da inji ke fitar da iskar cikinsa. In ya toshe, iskar za ta tura mai waje ko da gaskit sabo ne.

In an tabbata gaskit ne, farkon aiki shi ne tsare rai. Kada mutum ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kada kuma a dogara da bulo, gama ya kan farfashe ba sallama. A sami ramin gareji, ko ƙafafun ƙarfe da aka yi domin haka, a wuri mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe. A ja birkin hannu, a tokare tayoyi, a cire wayar batir.

Sa'an nan a juye mai tun inji na da ɗumi, ba da zafi ba, domin ya fi gudu. A kwance notuna duka, amma a bar biyu a sassauce su riƙe kasko kada ya faɗo wa mutum a fuska. A waɗansu motoci akwai ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin inji, sai an ɗan ɗaga injin kafin kasko ya fita. In ya manne, a bubbuga shi a hankali da guntun katako. Kada a cusa sukuddireba a ɓamɓare, gama za ta karce fuskar ƙarfe, sabon gaskit kuwa ba ya rufe wannan rauni.

Yanzu aka zo inda aikin ya ke. A kankare ragowar tsohon gaskit daga fuskokin biyu har kada a bar ko ƙwaya. A wanke kasko da kananzir, ban da fetur, saboda wuta. A duba 'yar rariyar famfo a tsabtace ta. In an ga burbushin ƙarfe mai ƙyalli a gindin kasko, to, inji na da wata cuta dabam, a nuna wa gwanin makaniki. Bayan haka a aza miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a bakin kasko. Sau da yawa za a ga gefen kowane rami ya taso. Wannan aikin wanda ya ɗaure notuna da ƙarfi ne a da. A dafa bakin bisa katako, a mai da shi daidai da ƙaramar guduma.

Ga kuskuren da ya fi kowane yawa: mutum ya ga yoyo, ya ɗauki sifana ya ƙara murɗa noti. Notunan nan ƙanana ne, da yawa kaurinsu milimita 6 ne, sifana mai lamba 10 ke kama su, ƙarfin da su ke bukata kuwa bai kai kusa da na notin taya ba. In an matsa, gaskit ya kan tsage ko ya fito gefe, bakin kasko ya lanƙwashe, notin ma ya karye a cikin inji. Watau an je maganin ɗigo an buɗe kwararo. Haka nan masu lafta man liƙi da yawa. Abin da ya tsattso waje, irinsa ya tsattso ciki. In ya ɓalle ya toshe rariyar famfo, inji zai buga ga mai cike da kasko. In za a sa, ɗan kaɗan ne, a kusurwoyi inda gaɓa ta haɗu da gaɓa.

Yadda ya kamata shi ne a sa notuna duka da yatsa tukuna. Sa'an nan a fara ɗaurewa daga tsakiya, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, ana nufar ƙarshe, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙarawa kaɗan kaɗan. Mai sifana mai awo ya bi abin da littafin motar ya faɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga nan a sa sabon zoben tagulla, a zuba sabon mai, a tayar da mota ana kallon fitilar mai. In ba ta mutu nan da nan ba, a kashe inji. In ta mutu, a bari ya yi zafi, a leƙa ƙasa, a kashe, a dakata kaɗan, a sake auna mai. Bayan 'yan kwanaki a sake taɓa notunan a hankali, gama sabon gaskit na ɓawon itace ya kan ɗan kwanta.

Tsohon man kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma a bar shi ya daɗe a fata, domin yana da lahani. A tara shi a galan mai murfi a kai gareji.

Ba lalle ne kowane mai mota ya shiga ƙarƙashi da kansa ba. Amma wanda ya san waɗannan abubuwa, in ya kai motarsa gyara, zai tsaya ya ga an wanke, an daidaita bakin kasko, an ɗaure bi da bi. In ya ga yaron makaniki ya tattara ƙarfinsa a kan ƙaramin noti, sai ya ce masa, "Yaro, sassauta hannunka." Allah ya kiyaye hanya, amin.