Hulɗar Ƙwaƙwalwa da Zuciya Sa'ad da Bugu Ya Rikice

Abin da muka saba koya wa ɗalibanmu shi ne, idan ɗakunan zuciya na ƙasa suka shiga karkarwa maimakon harba jini, ƙwaƙwalwa ce ke cutuwa: mutum ya suma cikin kimanin daƙiƙa 10, lahani ya biyo baya cikin 'yan mintoci. Wannan magana gaskiya ce, amma a ganinmu ba ta cika ba, domin ita ma ƙwaƙwalwar tana da hannu a cikin rikicin.

Jijiyoyi iri biyu ne ke kai saƙonta ga zuciya, ɗaya mai lafar da bugu, ɗaya mai zaburar da shi. A 1973 Bernard Lown da abokan aikinsa suka nuna cewa zuciyar karen da aka tayar wa hankali ta fi saurin rikicewa. A 2015 kuwa, masana a Jami'ar Mishigan ta Amurka suka hana ɓeraye iska, suka ga ƙwaƙwalwa na yi wa zuciya ruwan saƙonni. Waɗanda aka yanke wa laka tun farko, karkarwar ta jinkirta musu ƙwarai. Ɓera dai ba mutum ba ne, amma wannan ya dace da dalilin ba majiyyata magunguna irin su furofaranolol, masu toshe saƙon zaburarwa.