ƘIBA BAYAN TSAYAWAR AL'ADA: LAIFIN MAƘOƘO NE?

A garuruwanmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun, idan mace ta yi jiki bayan ta ba shekara hamsin baya, sai a ce maigida ya iya kiwo. Ba mai cewa ciwo ne. Amma ita mai jikin ta san abin da ke damunta: gwiwa tana ciwo, numfashi ya kan ɗauke in ta ɗan yi tafiya, zanen da ya kan zagaye ta da ya soma kasawa. In kuwa akwai ɗan kumburi a gaban wuya, sai maƙwabta su yanke hukunci, su ce ai maƙoƙo ne ya kawo ƙibar. Akwai gaskiya cikin wannan, amma ba ta kai yadda a ke zato ba.

Bari mu fara da wuyan. A gaban maƙogwaro akwai wata 'yar tsoka mai kama da malam-buɗe-littafi, wadda likitoci ke kira tayirod. Aikinta shi ne ta zuba wani sinadari cikin jini wanda ke gaya wa jiki saurin da zai ƙone abinci. Kamar mai iza wuta ce a murhu. Idan ta yi sanyi, kome na jiki ya kan yi sanyi: gajiya ba dalili, jin ɗari ko da rana, taurin bayan gida, bushewar fata, zubar gashi, mantuwa, kumburin fuska, da ƙarin nauyi. Idan kuwa ta yi zafi da yawa, sai bugun zuciya, da gumi, da rawar hannu, da rashin barci, mace tana ci amma tana ramewa. Maƙoƙo shi ne kumburin wannan tsoka. Mace tana iya samun maƙoƙo tayirod ɗinta yana aiki daidai, tana kuma iya samun ciwon ba kumburi ko kaɗan.

Wahalar ita ce, al'ada ta kan tsaya wa yawancin mata tsakanin shekara 45 da 55, daidai lokacin da sanyin tayirod ya kan yawaita, kuma alamunsu sun yi kama ƙwarai. Gajiya da saurin fushi, ko wanne yana iya kawo su. Ido ba ya raba su. Gwajin jini ne kaɗai ke rabawa, sunansa TSH. Ku tambaya a Babban Asibitin Talata Mafara. In ba a yi a nan, a tura ku Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ranar da aka je, a auna sukari da hawan jini gaba ɗaya, gama kuɗin mota ɗaya ne.

To, nauyi nawa ne laifin tayirod? Ƙungiyar likitocin wannan ciwo ta Amurka ta ce yawanci bai wuce kilo 2 zuwa 5 ba, mafi yawansa kuwa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe. Saboda haka matar da ta ƙara kilo 20, kada ta sa rai magani zai kwashe su duka. Zai sauke kumburin, ya komo mata da ƙarfi. Sauran aikin nata ne.

Maganin ƙwaya ce ƙarama, a jikin kwalinta an rubuta Levothyroxine. A nan ne mata da yawa ke ɓata kuɗinsu, domin ƙwayar ba ta son abokin tafiya. A sha ta da sassafe da ruwa zalla, ciki ba kome, a dakata minti 30 zuwa sa'a guda kafin a sha koko ko shayi. Maganin ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, da farin maganin nan na gyambon ciki, su kan tare ta a hanji, sai a raba su da ita da sa'a 4. Awara da sauran abincin waken suya su ma su kan rage shigarta jiki. Ba a hana ci ba, amma kada a karya kumallo da su nan da nan bayan magani. Bayan mako 6 zuwa 8 a koma a sake gwaji, domin likita ya ga ko awon ya yi daidai. Ga yawancin masu wannan ciwo, magani ne na dukan rai. Jin sauƙi ba dalilin dainawa ba ne.

Muna jan kunne da ƙarfi a kan abu guda. Kada wadda ta ga ƙwayar ta sauke mata kumburi ta ƙara awo da kanta, ko ta sam wa ƙawarta don ita ma ta rame. Yawan wannan magani yana rikita bugun zuciya, yana kuma cinye ƙashi, alhali ƙashin mace ya riga ya soma raguwa tun da al'ada ta tsaya. Karayar ƙugu ga tsohuwa ta fi ƙiba muni nesa ba kusa ba. Haka nan shayin rage ƙiba da a ke talla a kasuwa da waya, yawancinsa zawo da fitsari kawai ya ke sawa. Abin mamaki, a rumfa ɗaya a ke sayar da shi tare da "sha ka fashe" na 'yan mata masu neman jiki.

Maganar gishiri kuwa, mu nan nesa mu ke da teku, kifin madatsar Bakolori kuma, ko da ya ke abinci ne mai kyau, ba shi da aidin kamar kifin teku. Rashin aidin ne ya sa maƙoƙo ya yi yawa a zamanin kakanninmu. A 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci, maƙoƙo kuwa ya ragu ƙwarai tun daga sa'an nan. Amma gishirin da aka juye a tire yana shan rana a kasuwar Talata ya kan rasa aidin ɗinsa. A sayi na leda, a ajiye a gwangwani mai murfi, nesa da murhu. Kada kuwa a ƙara yawansa don neman aidin: ƙaramin cokali ɗaya, wato gram 5, ya ishi babban mutum a yini, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Masu bincike a Darfur ta Sudan, cikin shekarun 1980, sun ga gero yana ƙara maƙoƙo a inda aidin ya yi ƙaranci. Wannan bai isa a bar fura ba, in dai gishirin gidan mai aidin ne.

Yanzu ga inda yawancin nauyin ya fito. Lokacin da al'ada ta tsaya, shi ne lokacin da uwargida ta kan sami surukai da jikoki. Daka ta koma wurin inji, ɗebo ruwa ya koma hannun yara, zuwa unguwa sai a babur. Rashin tsaro na shekarun nan kuma ya hana mata da yawa zuwa gona da itace, musamman wajen Maradun. Ta huta, ta kuwa cancanci hutun, amma malmalar tuwonta tana nan yadda ta ke sa'ad da ta ke goyo tana surfe. Tsokar jiki tana raguwa da shekaru, kitse kuma yana barin cinya yana taruwa a ciki, inda ya fi jawo ciwon sukari da hawan jini. Ku sami awon tela ku zagaya ciki daidai cibiya. In ya haura santimita 88, lokacin yin wani abu ya yi.

Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, shinkafa ta yalwata a ƙasar nan, ta shiga tuwo, ta shiga masa, ta shiga dafa-duka. Ba mu ce a bar ta ba. A rage malmala biyu zuwa ɗaya, a cika kwanon da miyar ganye, da kwaɗon zogale ko rama, da wake, da kifi ko ƙwai in an samu. Wake da nono suna riƙe ciki, suna kuma kiyaye tsoka da ƙashi. A dama fura ba sukari. Lemon kwalba a bar wa ranar biki. Man miya a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga kwalba. Kada a yi horon yunwa, gama wadda ta ƙi ci da rana ita ce ke cinye tukunya da dare.

Motsa jiki kuma ba sai an fita gari ba. Minti 30 a rana, kwana 5 a mako, shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ana kuwa iya rarraba shi goma-goma: zagaya tsakar gida da sauri, shara, ɗan daka, tashi da zama a kan kujera sau goma ba tare da dafa gwiwa ba. Rabin kilo a mako ya isa. Mace mai kilo 90 in ta sauke 5 kaɗai, sau da yawa sukarinta da hawan jininta su kan nuna bambanci.

Maigida da 'ya'ya, ku ma da naku. Kada a yi mata ba'a a ce an daina ciyar da ita, kada kuma a hana kuɗin gwaji don ba ta kwanta ba. Amma akwai abin da ba a jira da shi: ramewa ba tare da an rage ci ba, kumburin wuya mai tauri ko mai saurin girma, shaƙewar murya, wuyar haɗiya, ko ganin jini bayan al'ada ta yi shekara guda da tsayawa. Ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana, a kai ta asibiti cikin makon nan.