Allurar Haske da Haɗin Amarya: Wa Ke Sa Ido?

Tun da shugabar hukumar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana a Kano cikin watan Fabrairun 2023 cewa bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Nijeriya, muhawara ta fi karkata ga mayukan kanti, alhali sana'ar gyaran jiki ta riga ta wuce nan. Gyaran jiki, wanda a da bai wuce dilka da halawa da lalle ba, yanzu ya haɗa da man da ake cakuɗawa a gida ba suna ba lamba, da ƙwayar ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, da allurar haske da ake yi ta jijiya, kuma tallansu ta waya yana isa ga amaren Birnin Tudu da Bakura da Maradun kamar yadda yake isa Kano.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne zaton cewa abin da ba a sa wuƙa ba, kuma aka laƙaba masa sunan haɗi, ba ya cutarwa. Hasken da ke fitowa cikin 'yan kwanaki yawanci aikin sinadarai uku ne. Haidirokwinon yana hana fata samar da melanin, wato launin da ke kare ta daga zafin rana, kuma idan aka daɗe ana shafa shi sai ya bar baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu. Sitiroyid, wanda asalinsa maganin kumburi ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, yana zaizaye fata kamar yadda damina ke cin yaɓen rumbu, har rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyatar haihuwa ya yi wuyar kamawa, sannan yana ratsawa cikin jini ya tayar da hawan jini da ciwon suga. Na uku shi ne makuri, ƙarfe mai guba da ke lalata ƙoda, yana kuma kaiwa ga ɗan tayi da jariri mai shan nono. Jihar Zamfara da gubar dalma ta kashe mata yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ba ta buƙatar dogon bayani a kan abin da irin wannan ƙarfe ke yi a jiki sannu a hankali.

Doka kam akwai ta, domin ƙa'idojin NAFDAC sun haramta makuri da sitiroyid a kayan kwalliya. Giɓin yana wurin mai aikin: NAFDAC kaya take yi wa rajista, majalisar likitoci likita take hukuntawa, majalisar harhaɗa magunguna kuma kemis take dubawa, saboda haka mai gyaran amarya da ke ɗaura wa yarinya ruwan gulutatayon, wato allurar haske, a ɗakinta ba ta cikin rajistar kowa, kuma kamen kwalabe a kasuwa, wanda ya fi daɗin ɗaukar hoto, ba ya isa gare ta. Ingila ta fuskanci irin wannan giɓi, ta haramta allurar Botox da ta ciko ga 'yan ƙasa da shekara 18 a 2021, sannan dokar lafiya ta 2022 ta ba gwamnati ikon tilasta wa masu sana'ar mallakar lasisi. A Zamfara, ma'aikatar lafiya ta jiha ce ta fi kusa da wannan aiki, tunda ita ke rajistar asibitoci masu zaman kansu, kuma ɗakin da ake yi wa mutane allura a karɓi kuɗi asibiti ne, ko da an rubuta gyaran jiki a ƙofarsa.