Ikabod, Yaron da Ba Shi da Mai Sake Masa Suna

Bahaushen Nima ko Maamobi a Accra ya san Audi, yaron da ubansa ya rasu ya bar shi a ciki. Maƙwabtanmu Akan kuwa Anto suke cewa, wato bai tarar ba. Ibraniyawa suna da wani suna da ya fi waɗannan ɗaci, kuma mutum ɗaya tak aka kira da shi a Littafi Mai Tsarki: Ikabod.

Labarin yana Littafin Sama'ila na Fari, sura ta 4, kimanin shekara 3,000 baya. Isra'ilawa suka ja daga da Filistiyawa a Ebenezer, sunan nan da muke gani a bayan trotro da ƙofar shaguna a Accra. Karon farko aka kashe musu mutum 4,000. Sai dattawa suka ce a ɗauko Akwatin Alkawari daga Shilo, a zatonsu in yana tsakaninsu ba mai iya musu. Shi ne Tabutun da malamai ke bayani a tafsirin azumi in an zo aya ta 248 a Suratul Baƙara. Hofni da Finehas, 'ya'yan Eli firist, suka rako shi. Aka sake gwabzawa, mutum 30,000 suka faɗi, har da su biyun, Filistiyawa suka yi awon gaba da akwatin.

Wani ya sheƙo Shilo a guje, riga a yage, kai duk ƙura. Eli na zaune a bakin hanya, tsoho ɗan shekara 98, ba ya gani. Ya daure da jin mutuwar 'ya'yansa, amma ana ambatar akwatin sai ya faɗo ta baya daga kujera, wuya ya karye.

Matar Finehas na da tsohon ciki, labarin ya tayar mata da naƙuda. Matan da ke kanta suna ta ce mata kada ta ji tsoro, namiji ne, ba ta tanka ba. Kafin ta cika ta raɗa masa Ikabod. Kabod daraja ce, tushenta nauyi, kamar yadda muke jin nauyin babba. Gaɓar farko ce masana suka rabu a kai, wasu suka ce "babu", wasu "ina". Ko babu daraja, ko ina daraja.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, Rahila ma a bakin mutuwa ta kira ɗanta Ben-oni, ɗan baƙin cikina, amma ubansa Annabi Yakubu na raye, ya mayar da shi Binyaminu. Ikabod rana ɗaya ta cinye masa uwa da uba da kaka, babu wanda zai gyara.

Bayan wata bakwai Filistiyawa suka mayar da akwatin a kan keken shanu, shi kuwa sunan ya zauna. Sau ɗaya aka ƙara ambatarsa, a sura ta 14, zamanin Sarki Ɗaluta, kuma don a bayyana wane ne ɗan'uwansa Ahitub.