Haddin Guba Cikin Lakar Bakin Teku

Ya ku malamai da fatake, ku sani da yawa daga cikin hajar da ke cika kasuwanninmu ta teku ta iso. Jiragen da ke ɗauko ta kuwa ba su samun shiga tasha sai an yashe musu hanya, kamar yadda ake yasar rijiya. Gama inda kogi ya faɗa teku, ruwan daɗi ya gamu da na gishiri, nan ƙurar da ya kwaso tun daga tudu take dunƙulewa ta kwanta, har ta toshe mashiga. To, in an kwashe lakar nan, ina za a kai ta?

Da laka ce zalla, da babu magana. Amma abin da masana'antu da birane suka zubar, kamar zaiba da dalma da jan ƙarfe, yana manne wa laka mai laushi fiye da yadda yake manne wa yashi, ya zauna ciki shekara da shekaru. Mu almajirai mun saba duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa. Wannan guba kuwa tana iya zama cikinsa ba ta jirkita ko ɗaya daga ukun ba. Saboda haka sai awo.

Ku ji abin da ya auku a Minamata, wani gari na masunta a ƙasar Japan. Tun daga 1932 har 1968 masana'antar Chisso tana sakin ruwa mai zaiba cikin gulbin garin. Ƙananan halittu suka sha, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, mutum ya ci babba, kullum gubar tana ƙara taruwa. Kyanwoyi suka fara tangaɗi suna faɗawa teku. A 1956 likitoci suka ba da labarin wata cuta mai sa makyarkyata da sarƙewar harshe da ƙuntatar gani, har jarirai ake haifa da ita. Waɗanda hukuma ta tabbatar sun kamu sun haura 2,000.

Da aka rufe mazubar, zaiba tana nan kwance a ƙasan gulbi. Sai masana suka yi lissafi bisa ga hawa da saukar ruwan wurin da yadda gubar ke narkewa daga laka, suka yanke haddi: duk lakar da zaibarta ta kai kashi 25 cikin miliyan, a raba ta da ruwa. Don ɗan kasuwa ya gane, watau giram 25 ke nan cikin buhu goma masu kilo ɗari ɗari. Aka fara aiki a 1977, aka gama a 1990. Lakar da aka yi wa aiki ta kai wajen mita murabba'i mai zurfi miliyan ɗaya da rabi. Ba a kai ta tsakiyar teku ba. An killace wani ɓangare na gulbin da bangon ƙarfe, aka zuba ta ciki, aka rufe da ƙasa mai tsabta, ya zama fili na hekta 58. Ragar da aka tsare kifin gulbin da ita tun 1974 ba a ɗauke ta ba sai 1997, bayan an ga zaibar jikinsa ta sauka ƙasa da haddin da aka yarda.

Ƙasashe kuma suka ƙulla alkawari a London a 1972 kan zubar da shara cikin teku, suka ƙara tsananta shi a 1996: an hana zuba kome sai abin da aka ambata da suna. Lakar yasa tana cikin abin da aka ambata, amma da sharaɗin a gwada ta tukuna, a ba da izini.

A Ingila haddi biyu ake aiki da su, ana auna busasshiyar laka. Na zaiba, na farko 0.3 cikin miliyan, na biyu 3. Na dalma, 50 da 500. Abin da ya kasa na farko galibi ba a damu da shi ba, a zuba shi a wurin da aka keɓe cikin teku. Abin da ya zarce na biyu galibi ba a yarda ya koma teku, sai a nema masa makwanci a tudu. Wanda ya faɗa tsakani kuwa shubuha ne: a ƙara ɗiba daga sama da ƙasa, a duba tarihin wurin da halin inda za a zuba, sa'an nan a yanke.

Kada mai karatu ya ce Japan ta yi sakaci da ta sa 25 alhali Ingila ta sa 3. Tambayoyin ne suka bambanta. Ita tana tambayar wace laka ce ta wajaba a tono daga inda take kwance, su kuwa suna tambayar wace ce ta halatta a watsa a wuri mai tsabta.

Nan fa wuyar take. In an tsananta haddi, kuɗin killace laka ya yi yawa, aikin tasha ya tsaya, tsada ta sauko kan haja. In an sassauta, masunci da mai sayen kifinsa su ne za su biya da lafiyarsu, su da ba a yi shawara da su ba. Lalle asarar dukiya ana mayar da ita, amma jaririn Minamata ba a mayar masa da hankalinsa ba. Saboda haka wanda ya yi gwaji kada ya zama yaron wanda ke son a zubar, sakamakon awo kuma a bayyana shi ga jama'a. Mai mudu in shi ne mai hatsi, sai a sa ido.

Allah Ya kiyaye mu daga cutar da ido ba ya gani.