Rijiya Ba Ta Kammaluwa Sai An Wanke Ta

A Sakkwato, duk wanda ya ga rijiyar burtsatse tana aman yashi ya san haƙa rami ba shi ne samun ruwa ba. Haka take ga rijiyar mai, irin ta Kolmani, iyakar Bauchi da Gombe, inda aka ƙaddamar da haƙa cikin 2022.

Mahaƙa kan tura laka ta musamman cikin ramin, ta fito da ɓarɓashin dutse, a tace ta da rariya, a mayar. Bayan haka a wanke ramin, a zura bututu mai raga, a kewaye shi da tsakuwa. In aka yi sakaci, yashi ya cinye famfo, kuɗin jama'a su salwanta.

Saboda haka, kada ma'aikaci ya sa wa ɗan kwangila hannu sai ruwa ya fito garau.