Sa'a Uku Na Farko: Binciken Da Ya Sake Aikin Ɗakin Gaggawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa da dare a ƙofar ɗakin taimakon gaggawa na wani babban asibiti ya san yadda akan kawo wanda hatsarin mota ya rutsa da shi: a bayan akori-kura, jina-jina, 'yan'uwa suna salati. Da yawa daga cikin masu cikawa a wannan ɗaki ba karaya ke kashe su ba, jini ne ke tsiyaya, sau da dama a cikin ciki ko ƙirji inda ido ba ya kaiwa. Masana sun daɗe suna bincike a kan abin da ya kamata likita ya yi a wannan ɗan lokaci, kuma darasin farko da suka samu ba mai daɗi ba ne.

Shekara talatin ko fi ana yi wa waɗanda suka bugu a ka allurar sitiroyid, bisa zaton tana rage kumburin ƙwaƙwalwa. Zato ne mai ma'ana, amma ba a gwada shi a kan jama'a masu yawa ba sai da Farfesa Ian Roberts da abokan aikinsa na Makarantar Kiwon Lafiya da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan suka shirya gwajin da ake kira CRASH. A 2004, bayan an shigar da majiyyata 10,008, sai aka tsai da aikin. Cikin mako biyu kashi 21.1 daga cikin ɗari na waɗanda aka yi wa allurar sun rasu, alhali kuwa a ɗaya ɓangaren kashi 17.9 ne. Ashe maganin da ake bayarwa da kyakkyawar niyya ƙara mutuwa yake yi.

Daga nan suka juya ga wani tsohon magani mai araha, watau taranekzamik asid, wanda likitoci ke taƙaitawa da TXA. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, da maigidanta Shosuke ne suka bayyana shi a 1962. Aikinsa ba wuyar fahimta. Idan jijiya ta yanke, jiki yakan saƙa wani zare ya daskarar da jini a bakin rauni. Sa'an nan akwai sinadarin da ke warware wannan saƙa. In rauni ya yi tsanani, warwarar takan fi saƙar sauri. TXA shi ke riƙe hannun mai warwarar.

Gwajin CRASH-2 ya haɗa majiyyata 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Nijeriya. Ƙuri'a ce ta raba su: rabi suka sami giram ɗaya na maganin cikin minti goma, da wani giram ɗin a hankali cikin sa'a takwas, rabi kuma ruwan gishiri. Kwalaben iri ɗaya ne, ko likitan da ke riƙe da sirinji bai san abin da ke ciki ba. Wani zai ga kamar rashin tausayi ne a yi ƙuri'a a kan mai jinya, to amma labarin sitiroyid ya riga ya nuna abin da zato ke jawowa.

Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2010. Mutum 1,463 suka rasu a ɓangaren maganin, 1,613 a ɗaya ɓangaren, watau kashi 14.5 da kashi 16. Bambancin kamar ba yawa, amma rayuka 150 ke nan, kuma ba a ga maganin ya ƙara toshewar jijiyoyi ba, abin da aka fi tsoro tun farko.

Da aka sake duba alƙaluman a 2011 sai babban lamarin ya fito fili. Wanda aka yi wa allurar cikin sa'ar farko, mutuwa ta zubar jini ta sauka daga kashi 7.7 zuwa 5.3. Tsakanin sa'a ɗaya da uku, daga 6.1 zuwa 4.8. Bayan sa'a uku kuwa sai abin ya juye, ta hau daga 3.1 zuwa 4.4. A wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa TXA cikin jerin magunguna na tilas.

A nan batun ya taɓa Nijeriya sosai. Agogon yana fara bugawa ne daga lokacin da aka ji rauni, ba daga isowa asibiti ba. Neman motar da za ta ɗauki mutum, nisan hanya, yankan kati, jiran ɗan'uwan da aka aika kemis, duk daga cikin sa'a ukun nan ake cinye su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa, amma doka ba ta ajiye kwalba a durowar ɗakin. Wannan aikin shugabannin asibiti ne.

Ita Okamoto ba don 'yan hatsari ta nemi maganin ba. Burinta shi ne mata masu zubar jini bayan haihuwa, sai dai ba ta sami likitocin da za su gwada shi ba a zamaninta. Gwajin WOMAN, wanda ya ɗauki mata 20,060 a ƙasashe 21, dubbai daga cikinsu a asibitocin Nijeriya, ya nuna cewa in an ba da shi cikin sa'a uku, mutuwa ta zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. An buga wannan a watan Afrilu na 2017. Ita kuwa ta rasu a Afrilun 2016, tana da shekara 98.